Ranar da burauza ta ƙi buɗewa a Wulari: gwamnati marar takarda na buƙatar mai gyara

Wata Litinin da safe na shiga wani ofishin gwamnatin tarayya da ke kusa da mahaɗar Wulari a Maiduguri don karɓar wata takarda, sai na tarar da ma'aikata huɗu sun kewaye kwamfuta ɗaya kamar masu jinya. Jami'ar da ke kula da bayanan ma'aikata ce a zaune. Ta danna alamar burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ɗan da'irar nan ya juya sau biyu ya ɓace. Ta sake dannawa, babu abin da ya fito. Ta kashe kwamfutar ta kunna, haka nan. Abin da ta iya tunawa shi ne ranar Juma'a gab da tashi daga aiki wani saƙo ya bayyana cewa ana sabunta manhaja, kada a kashe na'urar. Ita ba ta kashe ba, amma mai kula da janareto ya kashe nasa, domin lokacin sallah ya yi.

A gabanta akwai fayil ɗin wani masinja da ya kusa ritaya, wanda aka yi kuskure a ranar da aka ɗauke shi aiki, hedikwata kuma ta ce a shigar da gyaran ta shafinta kafin ranar Laraba. Dattijon yana zaune a benci a waje, hularsa a gwiwa, bai san mene ne burauza ba, bai kuma san cewa lissafin fanshonsa ya rataya a kanta ba.

Shawarwari suka yi ta fitowa. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta kama kwamfutar. Wani ya ce a goge komai a sake zuba mata manhaja, alhali takardun ofis na shekaru suna ciki, babu kwafinsu a ko'ina. Da shugaban ofishin ya fito, sai ya ce, "Hajiya, ki hau keke ki je kafe ki yi aikin nan, kada Abuja ta kira ni." Ta ce, "Yallaɓai, da kalmar sirrin ofis zan shiga a can?" Ya ce to da me za ki shiga? Haka ta tafi, ta buga kalmar sirrin gwamnati a kwamfutar da ɗaliban da ke duba sakamakon jarrabawa suka tashi daga kanta. Washegari da na koma, wani matashi mai bautar ƙasa ya riga ya gyara kwamfutar cikin ƙasa da rabin awa. Shugaban ofishin kuma ya ba da umarnin da ya sa na ɗauki alƙalami: a rufe sabuntawa a dukkan kwamfutocin ofis, kada a sake barin kowace ta sabunta kanta.

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma hukuncin nasa kuskure ne, kuma kuskure ne da tsarinmu ya tura shi ya yi. Ra'ayina shi ne tunda gwamnatin tarayya ta mayar da aikinta cikin burauza, to burauzar ta zama ƙofar ofis, kuma bai dace a bar kula da ƙofar ofis a hannun sa'a ko a hannun yaron da zai gama bautar ƙasa ya tafi ba.

Mai karatu da ke aiki a Abuja ya san nisan da aka yi. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara a 2007, tsarin kula da kuɗaɗen gwamnati na GIFMIS ya biyo baya a 2012, asusun bai-ɗaya na TSA ya kankama sosai a 2015, inda kuɗin shiga ke bi ta Remita. Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda su koma na kwamfuta. Ina goyon bayan wannan tafiya, kuma mutumin Maiduguri ya fi kowa sanin dalili. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye sassa da yawa na birnin, mutane sun rasa takardun makaranta da na filaye da na aiki waɗanda ba su da kwafi a wani wuri. Fayil ɗin da ke ajiye a rumbun bayanai na Galaxy Backbone a Abuja ruwan Alau ba zai kai gare shi ba. Sai dai ma'aikacin Wulari ma ba zai kai gare shi ba, muddin manhajar da ke buɗe masa hanya ta ƙi tashi. A da in mabuɗin ɗakin fayil ya ɓata, ana kiran kafinta ya ɓalle kwaɗo. Yau wa ake kira?

Ya kamata a fahimci cewa wannan matsala ba alamar ƙauyanci ba ce, ba ta kuma taƙaita ga Najeriya ba. A watan Yunin 2023, bayan Microsoft ya fitar da sabuntawar wata-wata ta Windows 11, mutane da yawa masu amfani da manhajar tsaro ta Malwarebytes sun tarar Chrome ya daina buɗewa, domin manhajar tsaron ta yi karo da sabon sauyin. A watan Yunin 2025 an sake ganin irin haka, inda tsarin sa ido kan yara na Family Safety da ke cikin Windows ya riƙa rufe Chrome da zarar an buɗe shi, abin da ya fi shafar makarantu da gidaje. Babban misali kuwa shi ne na ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wata sabuntawa mai kuskure. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori kusan miliyan 8.5 ne suka durƙushe. An soke tashin dubban jirage, wasu asibitoci suka koma rubutu da hannu. Bambancin kawai shi ne a waɗancan wurare akwai sassan fasaha da suka kwana suna tayar da na'urori ɗaya bayan ɗaya. Kuskure yana faruwa ko'ina. Abin da ake auna hukuma da shi shi ne tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta miƙe.

Me ke hana burauza tashi bayan sabuntawa? Dalilan ba su da yawa, kuma wanda ya san su ba ya firgita. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne katsewar wuta. Sabuntawa tana cire tsofaffin fayiloli ta zuba sababbi, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, sai manhajar ta zama rabi tsohuwa rabi sabuwa. Maiduguri ta ɗanɗani wannan fiye da kowane babban birni. A watan Janairun 2021 mayaƙa sun lalata turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya shiga duhu na watanni, da aka gyara a watan Maris kuma ba a yi mako guda ba suka sake fasa su. Tashar wutar gas mai megawat 50 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023 ta kawo sauƙi, amma har yau ƙananan ofisoshi da yawa suna sauyawa ne tsakanin wutar layi da janareto da sola, kuma kwamfutar tebur da ba ta da na'urar ajiyar wuta tana mutuwa a duk sauyi.

Wani lokacin manhajar kanta lafiya take, abin da ya lalace shi ne jakar da take ajiye bayanan mai amfani da ita: shafukan da ya saba shiga, kalmomin sirri, da ƙananan manhajojin da aka liƙa mata. Wannan ne ya faru a Wulari. Matashin nan bai goge komai ba. Da farko ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ya buɗe Task Manager, ya ga burauzar tana aiki a ɓoye ba tare da ta nuna fuska ba, ya rufe ta. Da ta sake ƙin tashi, ya je inda jakar bayanan take, ya sauya mata suna kawai, sai burauzar ta ɗauka sabon mutum ne ya zo, ta buɗe sabuwar jaka, ta tashi garau. Daga nan ya kwaso jerin shafukan Hajiya daga tsohuwar jakar. A Firefox ma akwai hanya mafi sauƙi: in aka riƙe maɓallin Shift lokacin buɗe ta, takan tashi a yanayin bincike, ba tare da ƙananan manhajojin ba, nan take a gane ko su ne matsalar. In kuwa manhajar tsaro ce ta tare hanya, sau da yawa sabunta ita manhajar tsaron ke warware rikicin. In sabuntawar Windows ce da kanta ta jawo, akwai wurin cire ta a tarihin sabuntawa, akwai kuma damar dakatar da sabuntawa har na tsawon mako biyar kafin kamfani ya fitar da gyara. Dakatarwa ta ɗan lokaci daban, rufewa har abada daban. Sake zuba burauzar daga shafin kamfaninta shi ne matakin da ke biye, goge kwamfuta gaba ɗaya kuwa shi ne na ƙarshe, ba na farko ba kamar yadda masu gyaran kasuwa suka saba.

Duk wannan bai kai shafi guda ba. Da an buga shi an liƙa a bangon kowane ofis, da ba a tura kowa kafe ba.

Akwai dalili na uku da ya fi waɗannan nauyi, wanda babu dabarar matashi da za ta magance shi, wato tsufan na'ura. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020. Chrome mai lamba 109, wanda ya fito a farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1, Firefox kuma ta tsaya musu a lamba 115. An yi wa Internet Explorer ritaya a 15 ga Yuni, 2022. Sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 10 ma ta kai ƙarshen wa'adinta. Hukumar da ke son ci gaba da samun gyaran tsaro a kanta sai ta biya dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Duk wanda ya zaga ofisoshin tarayya da ke jihohi ya san irin kwamfutocin da ke kan tebura: waɗanda wani shirin tallafi ya bari, waɗanda aka turo daga hedikwata bayan an sayo sababbi, da waɗanda wani mai gyara ya zuba musu Windows ɗin da babu wanda ya biya kuɗin lasisinta. Irin wannan na'ura tana tsaka mai wuya. In ta karɓi sabuwar burauza, ba za ta tashi ba. In ta zauna da tsohuwa, wata rana shafin hedikwata zai ce mata ba ya hulɗa da ita. Masu tsohuwar Firefox sun ga samfurin haka a 14 ga Maris, 2025, lokacin da wata takardar shaidar tsaro da ke cikinta ta ƙare, kamfanin Mozilla ya gargaɗi duk wanda bai kai lamba 128 ba, ko sabon zubin 115 na musamman, cewa wasu sassan manhajar za su daina aiki.

Yanzu mu koma ga umarnin shugaban ofishin Wulari. Me ya sa na ce kuskure ne? Domin yawancin abin da sabuntawa ke ɗauke da shi ba ado ba ne, toshe ɓaraka ne. Sau da dama a shekara Google yakan fitar da gyaran gaggawa ga Chrome saboda ɓarakar da masu kutse suka riga suka fara amfani da ita. Tarihi ma ya ba mu darasi mai tsada. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da yawa na Ingila, aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda ba su sabunta ba. Kwamfutar da ke riƙe da sunayen ma'aikata, lambobin asusunsu na banki da lambobin shaidarsu ta ɗan ƙasa, a birnin da ya shafe shekaru fiye da goma sha biyar yana fama da matsalar tsaro, ba wurin da za a bar ƙofa a buɗe ba ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, ba ta kuma cire ofisoshin gwamnati ba. Tura ma'aikaciya kafe da kalmar sirri da rufe sabuntawa duka biyun sun saɓa wa ruhin wannan doka, ko da an yi su da kyakkyawar niyya.

Wani zai ce ai kowa yana da waya, a yi aikin da ita mana. Na ga masu yi. Amma shafukan da aka gina don cike dogayen fom da ɗora takardu ba duka ke zama daidai a fuskar waya ba, kuma mayar da aikin gwamnati cikin wayar ma'aikaci, wadda 'ya'yansa ke wasa da ita da dare, sauya matsala ce da wata. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Wannan ita ce hujjar da na fi jin nauyinta, amma ita ma ba ta gamsar da ni. Kuɗin sayen sababbin kwamfutoci ba ya wuyar samun gurbi a kasafi, domin akwai kwangila a ciki, akwai bikin miƙawa da ɗaukar hoto. Abin da ba ya samun mai kare shi shi ne batirin na'urar ajiyar wuta, da lasisin manhaja, da alawus ɗin wanda zai zagaya ya duba na'urori. Waɗannan suna cikin kuɗin gudanarwa, wanda yakan iso ofisoshin jihohi a makare, in ya iso kuma man janareto ya cinye shi.

A nan ne nake son masu taimaka wa ministoci da manyan sakatarori su saurare ni, domin su ne ke tsara takardun da shugabanni ke sa wa hannu. Duk lokacin da za a fitar da sanarwar cewa daga yau aiki kaza sai ta intanet, a tambaya: a kan wace na'ura ofishinmu na Maiduguri zai yi shi, na Damaturu fa, na Gusau fa? Hukumar da ta san adadin motocinta da lambar kowace, ya kamata ta san adadin kwamfutocinta da irin Windows ɗin da ke kan kowace. Ba kowane ƙaramin ofis ne zai samu jami'in fasaha nasa ba, amma ofisoshin tarayya da ke gari ɗaya za su iya raba mutum biyu ko uku a tsakaninsu, da lambar waya sananniya da ake kira a amsa. Manyan kamfanoni ba sa barin sabuntawa ta faɗo wa dukkan na'urorinsu a rana ɗaya. Sukan gwada ta a kan kaɗan, in an kwana biyu lafiya sai a saki ga sauran. Ofis mai kwamfuta shida ma zai iya haka: a ware rana, da safe, lokacin da aka tabbatar wuta za ta tsaya, a fara da na'ura ɗaya. Yammacin Juma'a shi ne mafi munin lokaci da za a zaɓa.

Abu mafi arha a cikinsu duka ba ya buƙatar ko naira ɗaya: kowace kwamfutar ofis ta kasance da burauza biyu, daga kamfanoni daban-daban, kuma ma'aikaci ya san yadda zai shiga shafin hedikwata ta kowace. Windows tana zuwa da Edge a cikinta, amma ya kamata a sani cewa Edge da Chrome injinsu ɗaya ne, don haka abin da ya kayar da ɗaya yana iya taɓa ɗayan, Firefox kuwa nata injin daban ne. Wannan yana nufin 'yan kwangilar da ke gina wa gwamnati shafuka su ma a tilasta musu gwada aikinsu a kan fiye da burauza ɗaya kafin a biya su. Hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya kafin a aiwatar da su, tana da hurumin sanya wannan sharaɗi. Haka kuma wa'adin da hedikwata ke bayarwa ya kamata ya zo da hanyar kai ƙorafi, ta yadda shugaban ofis zai iya cewa na'urarmu ta lalace, a ƙara mana kwana biyu, ba tare da tsoron takardar tuhuma ba. Tsoron wannan takarda ne ya tura Hajiya kafe, ba jahilci ba. Ita da kanta ta san abin da take yi bai dace ba, ta kuma faɗa.

An shigar da gyaran dattijon masinja a kan lokaci, na ji daɗin hakan. Da na sake bi ta ofishin bayan wasu makonni, na tambayi Hajiya ko ta sauya kalmar sirrin da ta buga a kafe. Ta ce ta nemi a sauya mata, amma sai an rubuta wa hedikwata, kuma takardar tana kan tebur ɗin Yallaɓai. Sabuntawa tana nan a rufe a kwamfutoci shida. Matashin mai bautar ƙasa kuwa ya ce min saura wata uku ya gama, zai koma garinsu a Kudu, kuma har yanzu babu wanda ya ce masa ya koya wa wani abin da ya yi ranar nan.